Senti 75 Da Suka Tona Asirin Ɗan Kutse: Tarihin Ɗana Wa Ɓarawon Kwamfuta Tarko

Yau ba saitin waya za mu fara da shi ba, tarihi za mu taɓa. Rubutun yana da ɗan tsawo, don haka ka gyara zama.

Duk lokacin da aka yi maganar tsaron waya ko kwamfuta, abin da ke faɗo mana a rai shi ne kulle: kalmar sirri mai ƙarfi, zanen yatsa, lambar da ake turo maka ta tes. Duk waɗannan katanga ce da kwaɗo, kuma suna da amfani, kar ka yi wasa da su. Sai dai katanga tana da aibi guda: ba ta magana. Ranar da ɓarawo ya haura ta, ba za ta faɗa maka ba. Mutum zai iya yin wata uku yana karanta imel ɗinka kana nan kana cewa ai ni fasawod ɗina ba mai iya cankarsa. Shi ya sa masana tsaro suke da wata dabara ta biyu: ka ajiye wa ɓarawo abin da ransa ke so alhali na bogi ne, ka ɓata masa lokaci, ka bar shi ya tona kansa da hannunsa. Wannan dabarar tana da tarihi, kuma ta faro ne daga kuɗin da bai kai dala ɗaya ba.

A watan Agustan 1986, a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke jihar Kalifoniya a Amurka, akwai wani masanin taurari mai suna Clifford Stoll. Kuɗin bincikensa ya ƙare, sai aka mayar da shi sashen kula da kwamfutoci don kar ya zauna haka. A wancan zamanin kwamfuta ba abar aljihu ba ce. Babbar na'ura ce guda ɗaya da mutane da yawa ke shiga daga nesa ta layin tarho, ana cajin kowa gwargwadon lokacin da ya ci, kamar yadda ake yi a kafe ɗin intanet a da. Aikin farko da aka ba shi shi ne ya duba dalilin da lissafin wata ya ƙi daidaita. Giɓin senti 75 ne kacal, kuɗin daƙiƙa tara na aikin kwamfuta.

Wani da cewa zai yi kuskuren lissafi ne, ya cike daga aljihunsa a wuce wurin. Shi sai ya bi diddigi. Ya tarar da wani asusu mai suna Hunter wanda babu ma'aikacin da ya san wanda ya buɗe shi. Da ya ƙara tonawa, sai ya gane wani ne daga waje ya samu kafa a cikin wata manhajar rubutu mai suna GNU Emacs, a ɓangarenta da ke kai saƙon imel, ya bi ta nan ya zama mai cikakken iko a kan na'urar. Kun san rutin da ake yi wa wayar Android don a samu ikon taɓa komai? To shi ne wannan, har sunan ma ɗaya ne, domin Android daga wannan zuriyar ta Unix ta samo tsarinta. Wanda ya samu rut yana iya karanta wasiƙar kowa, ya buɗe asusu, ya goge sawunsa.

A nan ne aka yi shawarar da ta sa ake ba da wannan labari har yau. Abu mafi sauƙi shi ne a toshe kafar, a canza wa kowa kalmar sirri, a ce an gama. Stoll ya ce a'a. In ka rufe wannan ƙofar, ba ka san ko ya riga ya haƙa wata ba, kuma daga ranar ka makance, ba ka ƙara ganinsa. Cibiyar ba ta ajiye sirrin soja, don haka asarar da za a yi in an bar shi kaɗan ce. Shugabansa ya ba shi sati uku ya kamo mutumin. Aikin ya ci kusan wata goma.

Matsala ta farko ita ce yadda za a sa wa mai rut ido ba tare da ya sani ba. Duk manhajar leƙen da ka sa a cikin kwamfutar zai gan ta, kuma mutumin nan mai taka-tsantsan ne: da ya shigo zai duba su wa ke kan layi, ya leƙa imel ɗin masu kula da na'urar ko ana maganarsa. Sai Stoll ya fita daga cikin kwamfutar gaba ɗaya. Layukan tarho kusan 50 ne ke shigowa cibiyar. A wani ƙarshen mako ya bi ofisoshin abokan aikinsa ya kwaso firintoci da allunan kwamfuta kusan 50, ba tare da ya tambayi masu su ba, ya jona kowanne a kan layi ɗaya, ya kwana a ƙasa a tsakiyarsu. Da gari ya waye, ɗaya daga cikin firintocin ta zubo doguwar takarda ɗauke da duk harafin da baƙon ya buga. Daga baya ya haɗa wata 'yar na'urar aljihu da ke yi masa ƙara duk lokacin da mutumin ya shigo, ko tsakar dare ne. Ya kuma hana a yi maganar a imel, komai a littafinsa na aiki yake rubutawa, da rana da lokaci. Ka riƙe wannan littafin a ranka, don shi ya yi aiki a kotu.

Abin da takardun suka nuna ya fi senti 75 nesa ba kusa ba. Baƙon ba Berkeley ce ta dame shi ba, gada kawai ya mayar da ita yana tsallakawa zuwa kwamfutocin sojan Amurka: ma'ajiyar makamai ta Anniston a Alabama, filin gwajin makamai masu linzami na White Sands, har da wani rumbun bayanai na Pentagon. Yana shiga yana neman kalmomi irin su nukiliya da SDI. A lissafin Stoll ya gwada kwamfutoci kusan 450, ya samu shiga sama da 30. Kuma kar ka zaci wani tsafi yake yi. Yawanci kalmomin sirrin da kamfani ya saka tun daga masana'anta yake gwadawa, irin su guest da manager da service, waɗanda aka yi kasalar canzawa. Mu da muke karɓar wayoyin jama'a a shago mun san wannan ciwon bai warke ba: 1234, 0000, ko shekarar haihuwa.

Stoll ya kira hukumar FBI. Suka tambaye shi nawa aka yi asara, ya ce senti 75, suka nuna ba su da lokacinsa. CIA da NSA sun saurare shi, sun yi ta tambayoyi, amma kowa ya ce kama mai laifi ba huruminsa ba ne.

Ga wani wuri da ya fi burge ni, wataƙila don aikina ne. Wani lokaci Stoll zai ga mutumin ya fara kwafar fayil ɗin da bai kamata ya fita ba. In ya katse layin, mutumin zai gane ana kallonsa. In ya bari, kaya sun tafi. Sai ya ɗauko tarin makullansa ya riƙa goga su a kan wayoyin da layin ya bi. Duk mai gyara ya san abin da ƙarfe ke yi in ya haɗa layi biyu: shot. A allon ɓarawon sai haruffa su rikice, kwafin ya lalace, ya ɗauka layi ne ba kyau. Ya sake gwadawa, a sake goga makulli, har ya gaji ya bari. Ba a hana shi shiga ba, ba a kuma bar shi ya samu abin da ya zo nema ba, kuma laifin ya ɗora wa netwok. Wannan ita ce dabarar kawo cikas a mafi sauƙin siffarta.

Ana cikin haka sai alamun mutumin suka fara fitowa. Umarnin da yake bugawa na wani nau'in Unix ne daban da wanda 'yan Berkeley suka saba, kamar dai ka ji Basakkwace ya buɗe baki a tsakiyar Kano, ka san ba ɗan unguwa ba ne. Kalmomin sirrin da yake zaɓa sun haɗa da Benson da Hedges, sunan taba sigari, da Jaeger, wato maharbi da Jamusanci. Yawanci da tsakar ranar Kalifoniya yake shigowa, lokacin da dare ya yi a Turai. Stoll, da yake masanin kimiyya ne, har auna jinkirin da saƙo ke yi kafin ya je ya dawo ya yi, ya ga nisan na dubban mil ne. Da taimakon injiniyoyin kamfanin sadarwa na Tymnet aka bi layin har ƙetaren teku, zuwa Jamus ta Yamma, ta jami'ar Bremen, zuwa birnin Hanoba.

Nan kuma aka cije. Cibiyar tarho ta Hanoba tsofaffin na'urori ne masu juyawa, sai ma'aikaci ya je da kansa ya bi waya ɗaya bayan ɗaya kafin ya gano gidan da kiran ya fito, aikin da ke cin awa ɗaya ko biyu. Shi kuwa mutumin 'yan mintoci yake yi ya fita. Yaya za ka sa ɓarawo ya zauna awa guda a gidan da ya zo yi wa sata?

Budurwar Stoll ce ta kawo shawarar: tunda sirri yake nema, a ba shi sirri. A lokacin shugaba Ronald Reagan yana da shirin kare Amurka daga makamai masu linzami ta sararin samaniya, wanda ya sanar a 1983, ana kiransa SDI. Sai suka ƙirƙiro wani ofishi na ƙarya a cikin kwamfutar suka sa masa suna SDINET. Suka kwaso takardun gwamnati na yau da kullum masu gundura, suka canza musu kalmomi, suka cusa sunayen janar-janar da kanar-kanar, suka tara su da yawa yadda kwafarsu za ta ci lokaci. Ka tuna layin wancan zamani haruffa kusan 120 yake ɗauka a daƙiƙa, hoto ɗaya na wayarka sai ya kwana yana tafiya. Suka ƙirƙiro sakatariya mai suna Barbara Sherwin, wadda babu ita a duniya, da wata wasiƙa da ke cewa duk mai son ƙarin takardu ya rubuto mata ta gidan waya. Sannan suka kulle fayilolin yadda babu mai iya buɗe su sai mai rut. Ka lura da wannan, don shi ne zuciyar dabarar: babu wani ma'aikacin kirki da ke da dalilin taɓa su. Duk wanda ya taɓa, shi ne.

Maharbanmu na da sun san wannan aikin. Mutum ya ɗaura burtu a goshi ya sunkuya yana tafiya kamar tsuntsu, namun daji su saki jiki. Bambancin kawai shi ne a nan abin farautar ne ke zuwa da ƙafarsa.

A watan Janairun 1987 mutumin ya ci karo da SDINET. Kwaɗayi ya riƙe shi sama da awa guda yana kwafa, ma'aikatan Jamus suka bi layin har gida. Sunansa Markus Hess, matashi mai rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani a Hanoba. Amma tarkon bai gama aiki ba. A watan Afrilu sai ga wasiƙa ta takarda daga birnin Pittsburgh na Amurka, an rubuto wa Barbara Sherwin ana neman takardun nan. Sunan da babu inda yake sai cikin fayil ɗin bogi! Ma'ana abin da Hess ya kwafa ya wuce hannunsa ya isa wurin wasu da ke son tabbatar da ingancinsa. Daga ranar FBI ta daina ganin abin wasa ne. 'Yan sandan Jamus sun binciki gidan Hess a watan Yunin 1987, daga baya kuma ta bayyana shi da abokansa suna sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, KGB, abin da suka kwaso, ta Berlin ta Gabas. An yi shari'a a garin Celle a 1990, Stoll ya je ya ba da shaida da littafinsa, aka same su da laifin leƙen asiri. Hukuncin bai yi tsanani ba, ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka ne da bai wuce shekara biyu ba. Lokacin katangar Berlin ta riga ta faɗi, duniya ta canza. Stoll ya rubuta labarin a littafinsa The Cuckoo's Egg a 1989, sunan wata tsuntsuwa da ke saka ƙwanta a sheƙar wata don a ƙyanƙyashe mata.

Kar ka ɗauka kullum haka abin ke ƙarewa da daɗi. Ranar 7 ga Janairun 1991 wani ya yi ƙoƙarin sace fayil ɗin kalmomin sirri daga kwamfutar ƙofar shiga ta Bell Labs, cibiyar binciken kamfanin AT&T. Mai kula da ita, Bill Cheswick, sai ya tura masa na bogi. Daga nan ya koma shi da kansa yana kwaikwayon kwamfuta: ɓarawon ya turo umarni, Cheswick ya karanta, ya ɗan jira kamar na'ura mai nauyi, ya mayar masa da amsar ƙarya da hannu. Daga baya shi da abokan aikinsa suka gina masa wani keɓaɓɓen ɗaki a cikin na'ura da suka kira kurkuku, yana ta yawo a ciki yana zaton ya ci gari. Sun yi watanni suna kallonsa, sun koyi dabarunsa, sun gargaɗi wuraren da yake kai wa hari. A wani dare ma ya buga umarnin goge komai da ke cikin na'urar don ya ɓatar da sawu, abin da ya nuna cewa masu cewa "leƙawa kawai muke yi" ba abin yarda ba ne. An bi sawunsa zuwa ƙasar Holan, inda a lokacin dokar hana kutse ba ta fito ba tukuna, don haka ba a yi masa komai ba. Cheswick da bakinsa ya ce kurkukun bai biya wahalar da aka sha ba. Ni ma ina ganin gaskiyarsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne ko da ɓarawo kake yi wa, sai ka yi ta gadinta dare da rana, kuma kuskure ɗaya ya isa ya gane.

Abin da masana suka ɗauka daga nan shi ne a mayar da ƙaryar aikin na'ura, ba na mutum ba. A ƙarshen shekarun 1990 Fred Cohen ya fitar da manhajar da ke sa kwamfuta ta yi kamar tana cike da kafofi alhali babu, sannan a 1999 Lance Spitzner ya kafa ƙungiyar Honeynet Project. Irin wannan na'urar tarko ita ake kira tukunyar zuma. A watan Yulin 2001 kuma wata tsutsar kwamfuta mai suna Code Red ta kama na'urori sama da 350,000 cikin ƙasa da kwana ɗaya. Yadda take yaɗuwa shi ne ta yi ta ƙwanƙwasa adireshin intanet barkatai tana neman wanda zai amsa. Sai wani mai suna Tom Liston ya rubuta manhajar LaBrea, sunan wani tafkin kwalta a Los Angeles da namun daji suka riƙa maƙalewa a ciki tun zamanin da. Ita LaBrea tana amsawa ne a madadin adireshin da babu kowa a kai, ta ce wa tsutsar "ina ji, ɗan dakata", ta riƙe ta a haka ba ta sake ta ba. Wanda ya taɓa ɗana wa tsuntsu danƙo yana yaro ya gane zancen.

Har siyasa abin ya shiga. A zaɓen Faransa na 2017, masu kula da intanet na kamfen ɗin Emmanuel Macron sun ce da suka ga ana ta turo musu shafukan bogi don a sace kalmomin sirrinsu, sai suka riƙa cike su da na ƙarya, suka kuma shuka takardun bogi a cikin na gaske. An dai kwashe musu bayanai an watsa kwana biyu kafin zagaye na biyu, amma mai son amfani da su sai ya tsaya tantance wanne ne gaskiya. A 2024 kuma kamfanin waya na O2 a Birtaniya ya fito da wata tsohuwa ta ƙirƙirarriyar basira mai suna Daisy, aikinta kawai ta ɗauki kiran 'yan damfara ta yi ta ba su labarin iyalinta da kyanwarta tana ba su lambobin banki na ƙarya. Makullan Stoll ne dai, an sa musu murya.

To kai mai waya a hannu, ina rabonka? Ba za ka gina kurkuku ba, ban kuma ba ka shawarar ka tsaya jan ɗan damfara da hira ba, ya fi ka sanin wannan kasuwar. Amma SDINET ƙarama kana iya yin ta cikin minti biyar. Wani kamfanin tsaro na Afirka ta Kudu mai suna Thinkst yana da shafi na kyauta, canarytokens.org. Ka shiga, ka zaɓi wanda aka rubuta Web bug, ka sa adireshin imel ɗin da kake so a sanar da kai, ka rubuta 'yar tunatarwa ta inda za ka ajiye shi. Zai ba ka linki. Ka kwafe shi ka ajiye a cikin imel ɗinka ko wurin ajiye rubutu na waya, ka sa masa kan da zai ja ran mai leƙe, misali "lambobin asusun banki". Kai ka san tarko ne, ba za ka taɓa ba. Ranar da wani ya danna, saƙo zai shigo maka da lokaci da adireshin intanet ɗin da aka danna daga shi.

Abu uku ka kiyaye. Imel ɗin sanarwar ya zama daban da wanda ka ɗana tarkon a ciki, in ba haka ba ɓarawon ne zai fara ganin saƙon ya goge. Kar ka ajiye linkin a WhatsApp ko Facebook, domin irin waɗannan manhajoji suna buɗe linki da kansu don su nuna hotonsa, sai ka samu ƙararrawar ƙarya. Sannan adireshin da za ka gani na kamfanin layi ne, ba lambar gida ba ce, kar ka ɗauke shi ka je ka tari wani da zargi, kar kuma ka riƙa tura wa mutane linkin don ka bi sawunsu, wannan ya zama kai ne mai leƙen. In ƙararrawar ta buga, daga wata wayar daban ka canza kalmar sirrin asusun, ka shiga saitin tsaro na Google ka fitar da duk na'urar da ba ka gane ba, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan ka leƙa jerin na'urorin da ke jone da WhatsApp ɗinka.